Wata Tara Ina Ƙirga Kwalabe

Kafin in shiga aikin mashaya, ruwa-ruwa nake yi. Duk wanda ya san Maraɗi ya san mu: ɗan teburi a bakin titi, kwalaben lita jere cike da mai, mazurari da tsumma. Man daga Najeriya yake shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, cikin jarkoki bisa babura, mu saya mu ɗura a kwalba mu sayar wa 'yan kabu-kabu ƙasa da kuɗin gidan mai. Da wannan nake riƙe da Inna da ƙannena biyu tun rasuwar Baba. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce an cire tallafin mai. Kwana kaɗan farashi ya yi sama a can, man da muke ɗaukowa ya daina araha, a gidajen mai na nan kuwa lita tana nan a sefa 540. Wa zai tsaya wurinka? Na kwashe kwalabena na kai gida.

Sati uku ina zagaya gari. Na je babbar kasuwa neman dako, na je wajen magina, kowa sai ya ce in dawo. Maganin hawan jinin Inna ya ƙare, buhun hatsi ya kai gindi. Wani maƙwabcinmu da ya girme ni, wanda tun ina yaro nake ce masa Yaya, ya same ni a dakalin ƙofar gida bayan isha'i ya ce akwai aiki inda yake.

"Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙanena. Bar ce."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba. Na tashi a gidan da ko sunan giya ba a kamawa, na yi makarantar allo, na san hukuncin abin sarai. Amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Na ce wa Inna gidan abinci ne. Akwai mai gasa nama da zabi a wurin, don haka na riƙa lallashin kaina da cewa ban yi ƙarya duka ba. Ƙarya ce, kuma ta fi aikin kansa yi mini nauyi.

Ba zan faɗi unguwar ba. Katanga ce doguwa da ƙofar kwano, babu allo, babu rubutu, in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka gidan wani ne. A ciki fili ne mai rairayi, rumfar kwano, kujerun roba, bishiyar bedi guda a tsakiya, sai wata ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita lungu. Mai wurin mace ce 'yar bakin teku da ta daɗe a garin har Hausa ta zauna mata a baki, kowa Tanti yake ce mata. Ita ta gaya mini dalilin rashin allon da dalilin ƙofar bayan. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, tarzomar ta kai Maraɗi, aka farfasa mashayu aka cinna wa wasu wuta. Tana budurwa a lokacin, tana aiki ƙarƙashin wata, ta katanga ta tsira. Tun daga nan ba ta yarda da wurin da ba shi da ƙofa biyu.

Ɗaukar aikin ba ta kai minti goma ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni kwalba bakwai a kan dala ɗari da arba'in nawa ke nan (dala ɗaya sefa biyar ce). Mai sayar da mai ba ya tsoron irin wannan, na ba ta amsa nan take. Sai ta ce:

"Kana sha?"

"Ban taɓa ba, Tanti."

"To shi ya sa zan ɗauke ka. Ka zo gobe bayan la'asar."

Albashi jikka 20 a wata, wato sefa 20,000, da abincin dare. Babu takarda, babu sa hannu. Daga baya na san cewa mafi ƙarancin albashi a doka a lokacin sefa 30,047 ne, kuma daga Janairun 2024 aka mayar da shi 42,000. Mu dai ba mu ga canji ba, kuma babu wanda ya buɗe baki, domin a bakin ƙofa akwai goma da ke jiran gurbinka.

Na ɗauka aikin ɗaukar faranti ne da goge teburi. Ashe aikin lissafi ne daga farko har ƙarshe. Da zuwanka, kafin baƙo ko ɗaya ya shigo, za a ƙirga abin da ke cikin firigo da abin da ke cikin ɗakin ajiya. Akwatin manyan kwalabe 12 yake ɗauka, na ƙanana 24. A ƙirga giya kala-kala, a ƙirga lemo, a rubuta. In an tashi, ko ƙarfe biyun dare ne, sai a sake ƙirgawa. Abin da ya fita daga firigo dole ya yi daidai da kwalaben da aka shanye, su kuma su yi daidai da kuɗin da ke cikin akwatin Tanti haɗe da abin da aka rubuta a littafin bashi. In ukun nan ba su haɗu ba, babu mai tafiya gida. Kwalbar da babu komai cikinta ma kuɗi ce, domin sai ka mayar da ita masu sari suke ba ka cikakkiya. Ta fashe a hannunka, taka ce. Ta fashe a hannun baƙo ya ƙi biya, taka ce. Ta ɓata, taka ce.

Daren farko na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Mutum huɗu suka zauna ƙarƙashin bedin, ina kai musu ina kwashe waɗanda suka shanye, a zatona tsabta nake yi. Da aka zo biya na ce goma sha ɗaya, suka ce tara. Babu shaida. Murya ta fara tashi, Tanti ta leƙo ta ce a karɓi na tara. Kwalba biyu ta hau kaina tun ban karɓi ko dala ba. Bayan an tashi Yaya ya ja ni gefe, ya ce kwalba ba ta barin teburi sai an biya ta. In teburin ya cika, ka jera su ƙasa wajen ƙafar mai sha, ya riƙa ganinsu da idonsa. Sannan ya zaro hannunsa daga aljihu ya nuna mini marafan kwalabe. Kowace kwalba ya buɗe, murfin ba ya faɗuwa ƙasa: na teburin rumfa aljihun dama, na teburin bedi aljihun hagu, na lungu aljihun riga. In gardama ta tashi sai ya zube su bisa teburi a ƙirga tare. Wata tara ina yawo da aljihu yana ƙara kamar na mai canji, wandona duk suka huje.

Sauran na koye su da kallo. Ba a buɗe kwalba sai a gaban mai ita, don kada ya ce an zuba masa wani abu. Kafin ka buɗe ka miƙa masa ya taɓa, ya ji sanyin ya yi masa ko a canzo. Ka goge bakinta da tsumma mai tsabta, ka kifa kofi bisa kai saboda ƙuda. In mutum ya ba ka jikka goma, ka faɗa da ƙarfi, "Jikka goma na karɓa, yallaɓai," kowa ya ji, kafin ka juya baya. Sunana kuwa ya ɓace tun satin farko. "Peti" ne, ko "kai yaro", ko a ƙwanƙwasa mabuɗin babur a jikin kwalba, alhali ina da shekara ashirin da shida.

Masu zuwa iri biyu ne, kuma ƙofar da mutum ya shigo ita ke gaya maka wane ne. Ta gaba ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi ne, da direbobin manyan motoci da suka taso daga Kwatano, da 'yan kasuwar bakin teku, da masu kaki in sun sauka daga aiki. Waɗannan ba su da abin ɓoyo. Su zauna tsakiyar fili, su yi odar zabo da barkono, su yi ta gardamar ƙwallo da siyasa. Yawancinsu ba su da matsala, wasunsu ma sukan bar maka canji, dala ashirin ko dala hamsin. Ta baya kuwa 'yan gari ne. Mutum ya ajiye babur ɗinsa can nesa gaban wani shago, ya tako da ƙafa, hula a aljihu, ya wuce kai tsaye lungun da Tanti ta hana a sa ƙwan lantarki da gangan. Wani sai ya ce a juye masa a kwalbar lemo. Wani ba ya zama, a tsaye zai shanye biyu, ya jefa goro ko kanumfari a baki ya fice.

A wannan lungun na haɗu da aminin mahaifina. Mutumin da ya tsaya a kan jana'izar Baba, wanda in Sallah ta zo muke zuwa gidansa gaisuwa. Na ajiye faranti, na haska 'yar fitilar wayata don in ga murfin, hasken ya faɗa fuskarsa. Mabuɗin ya kusa suɓuce mini. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan a hankali ya ce:

"Ɗana, me ya kawo ka nan?"

"Babu ce, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Ya biya, ya ƙara mini jikka biyu, ya tashi bai taɓa kwalbar ba. Ranar Juma'a muka yi kiciɓis a bakin masallaci, na rusuna zan gaishe shi, ya kau da kai ya wuce. Ban riƙe shi a zuci ba, na san tsoro ne, amma ranar na yi kuka a ɗaki. Daga baya na lura haka abin yake ga kowa da ke wannan aiki. Da dare mutum zai dafa kafaɗarka ya gaya maka matsalar gidansa, da bashin da ya hana shi barci, da ɗansa da ya tafi Agadas ko Libiya ba labari. Da rana a kasuwa ba ya so inuwarku ta haɗu. Ka san asirin rabin unguwa, kuma babu mai amsa sallamarka. Ban taɓa fitar da sunan kowa ba, ko ga Yaya, kuma ba zan fitar ba.

Duk abin da na gani bai kai na matan da muke aiki tare ba. Su biyu ne. Ɗaya bazawara ce daga wani ƙauye ta wajen Madarumfa, da ɗanta ƙarami da take bar wa maƙwabciya. Tana miƙa kwalba a riƙe mata hannu, tana juyawa a ja mata zane, ana faɗa mata maganar da ba zan iya rubutawa ba. In ta ɗaure fuska a kai ƙararta cewa ba ta da fara'a, in ta yi murmushi a ce ta yarda. Tanti takan tsawatar, ba zan ci haƙƙinta ba, na ga ranar da ta kori mutum da kanta ta jefa masa kuɗinsa a waje. Amma in mai abin babba ne, mai kashe jikka talatin a zama ɗaya, sai ta kira yarinyar gefe ta ce ta yi haƙuri. Ni da Yaya muka riƙa musayar teburi da su ba tare da an ce mu yi ba: da mun ga irin waɗancan sun zauna, mu ne za mu je. Wannan baiwar Allah tana sallarta a bayan ɗakin ajiya bisa kwali, kuma duk abin da ta samu garin kunu da sabulu take saya wa ɗanta. Masu yi mata kallon banza a titi ba su san wannan ba, ba su kuma tambaya ba.

Ban cika wata biyu ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Maraɗi daga layin Katsina take shan wuta, don haka muka ji a jikinmu fiye da yadda ake zato. Mashaya ba tare da sanyi ba ba mashaya ba ce. Aikina ya koma farautar ƙanƙara. Tun azahar nake hawa kabu-kabu ina bin gidajen da ke da janareta ko sola, ina roƙon a sayar mini da ƙulli goma, ƙulli ashirin, in naɗe cikin buhu in rugo kafin ta narke. Mu farfasa ta cikin manyan robobi, mu nutsa kwalabe ciki, mu rufe da buhun garara jiƙaƙƙe. Hannuna ya tsage saboda tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara dare bayan dare. Takardun jikin kwalabe sukan saɓule a ruwa, sai ka duba murfi da fitila ka gane wace ce wace. Direbobin Kwatano suka ɗauke ƙafa, motocinsu na can jibge a bakin iyaka. Kaya suka yi wuya, farashi ya hau, kowa yana kukan babu.

A nan littafin bashi ya fara kumbura. Littafin makaranta ne mai bango shuɗi, kuma babu sunan kowa a ciki. Tanti ba ta yarda a rubuta suna ba, don in ya faɗa hannun wani kada ya tona asirin mutane. Sai dai ka ga "Mai jan babur", "Mai tabarau", "Dogo na lungu", kowanne da shafinsa. Dokar ita ce duk wanda ya ba da bashi ba da izininta ba, shi zai biya. Faɗar dokar da sauƙi. Amma ka ɗauka mutum ya sha shida, abokansa na zaune, ka kawo lissafi ya ce, "Rubuta, peti, ƙarshen wata." Tanti ta fita neman kaya. Abin ya riga ya shiga ciki, ba ka da yadda za ka dawo da shi. Ka matsa ya ce ka ci masa mutunci a gaban jama'a, wataƙila ma yana da ƙarfin da zai sa a rufe wurin gobe.

Haka wani mai babbar riga ya yi mini. Ya saba zuwa yana biya lakadan har na sake da shi. Dare uku a jere ya zo da baƙi, ya ce in rubuta, lissafi ya kai jikka 11. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Na bi shi har inda yake zama da rana, na tsaya nesa ina jira jama'a su ragu don kada in kunyata shi. Da na matsa na gaishe shi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai wane ne? Daga ina na san ka?" Ya san ba zan iya faɗin inda ya san ni ba, domin in na tona shi na tona kaina. Na juya na tafi. Aka cire kuɗin daga albashina cikin wata biyu. Watan nan rabin maganin Inna na iya saya. Wannan kam ban yafe ba tukuna.

Akwai wani ɓangaren aikin da babu mai koya maka, shi ne gane lokacin da mutum ya kai iyakarsa. Kowa da alamarsa. Wani ya fara maimaita magana ɗaya, wani ya koma Faransanci zalla, wani ya yi tsit yana kallon ƙasa, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro. Mukan fara jan ƙafa wajen kawo ta gaba, mu ajiye masa ruwa, mu ce mai nama ya kawo masa tsire. In ya miƙe yana layi, Yaya yana da dabarar karɓe mabuɗin babur cikin raha, mu kira ɗaya daga 'yan kabu-kabu biyu da muka amince da su ya kai shi gida. Ba kullum ake dacewa ba. Wani malamin makaranta, mutumin kirki mai yawan shiru, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya ƙi ba da mabuɗinsa wani dare cikin sanyin Disamba. Ni na kai masa ta ƙarshe, ina ganin hannunsa na rawa. Washegari muka ji ya faɗa rami da babur a hanyar gida, ƙafa ta karye biyu. Na je asibiti na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, na kasa shiga.

Satin nan na je wajen malamin da ya koya mini karatun allo, na faɗa masa komai. Bai zage ni ba. Ya karanto mini hadisin da ya ambaci mutum goma da la'anar giya ta shafa, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai cin kuɗinta. Na ce na sani, Malam. Ya ce, "Na san ka sani. Ba fatawa ka zo nema ba, hanyar fita ka zo nema. Nawa za ta ishe ka ka tsaya da ƙafarka?" Muka zauna da alƙalami muka yi lissafin teburin shayi. Ya ce in sa wa kaina rana, kada in bar ta a buɗe. Na ce azumi.

Daga ranar duk canjin da aka bar mini asusu yake shiga, na kuma shiga adashin mutum goma na jikka biyar-biyar, na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo kusa da azumi.

Daren da ya fi kowanne cika shi ne 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Kodibuwa da Najeriya a Abijan. Tanti ta yi hayar janareta da ƙarin kujeru, aka kafa talabijin bisa akwatuna. Filin ya rabu biyu. Mu Maraɗawa rabin danginmu na Katsina da Kano, da yawa Najeriya suke yi tun fil azal, amma a shekarar akwai masu jin haushin yanke wuta da rufe iyaka, ga kuma 'yan bakin teku da ke bayan masu masaukin. Da Troost-Ekong ya ci ta farko aka kifar da teburi biyu don murna. Kessié ya farke, Haller ya ƙara ta biyu saura minti kaɗan, sai wani ya faɗi magana kan takunkumi, wani ya mayar masa, kujera ta tashi sama. Na tsinci kaina a ƙasa ina tattara kwalabe da hannu biyu kada a tattake su, mutane na dambe a kaina. Ban ma san gilashi ya yanke ni a tafin hannu ba sai da na ga jini a rigata. Da aka ƙirga, kwalba 14 sun fashe, teburi uku sun gudu ba su biya ba. Tanti ta ɗauki rabi, aka raba mana rabi mu huɗu. A daren da wurin ya yi cinikin da bai taɓa yi ba, mu da asara muka koma gida.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, azumi ya kama 11 ga Maris. Dama Tanti takan rufe ƙofar gaba duk watan. Na same ta tana lissafi na ce ba zan dawo bayan Sallah ba. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Wani ya yi maka wani abu?"

"A'a, Tanti. Shayi zan kafa."

Ta ce ta san ba zan daɗe ba tun ranar da ta ɗauke ni. Ta biya ni cif, ba ta cire ko dala ba, ta ba ni tsohuwar kula da faranti biyu da kofuna shida. Ta ce in kiyayi bashin mai babbar riga fiye da na mai tsumma. Mutane za su so in ce muguwa ce. Ba muguwa ba ce, mace ce da ke riƙe da 'ya'ya da 'yan'uwa a ƙasarsu da sana'ar da ta iya, cikin tsoro kullum, kuma nauyin da aka ɗora mata takan sauke shi kan na ƙasa da ita kamar yadda ake yi ko'ina.

Daren farko na azumi, bayan an sha ruwa, na zauna gaban Inna na ce ina da magana. Ban kai ƙarshe ba ta ɗaga hannu.

"Tun watan farko na sani. Warin yana jikin rigarka, ƙanwarka ta kawo mini ita ranar wanki."

"Me ya sa ba ki ce komai ba, Inna?"

"Da me zan maye maka shi? Na dai riƙa tashi cikin dare ina roƙon Allah Ya fitar da kai."

Kafa teburin bai ɗauki lokaci ba. Kafinta ya buga mini teburi da benci biyu, na sayi babbar tukunyar shayi mai famfo, da murhun gawayi, da kaskon suyar ƙwai. Na sami gindin katanga kusa da wata tashar mota, na je na gaida mai gidan da mai unguwa da goro, suka amince, masu karɓar harajin magajin gari kuma suna zuwa da tikitinsu ina biya. Na yi sarin Lipton da Nescafé da madara da sukari, na shirya da mai gidan burodi ya riƙa ajiye mini tun asuba. Kwana uku bayan Sallah na hura wuta.

Har yanzu kafin in zuba wa kowa sai na ƙirga burodi da ƙwai da gwangwanin madara, in na tashi in sake ƙirgawa. Ina da littafin bashi, shi ma babu sunan kowa a ciki, kuma duk shafin da ya kai jikka ɗaya na ja layi sai an biya. Yaron da ke taya ni wanke kofuna ya fasa uku a watansa na farko, ban cire masa ba. Wasu daga cikin mutanen lungu sukan zo karyawa da safe, su yi sallama, in amsa, in tambaye su madara nawa, ba mai tuna wa wani komai. Aminin Baba ma ya zo sau ɗaya, ya ce Allah Ya sa albarka, da ƙarfi, a gaban mutane.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Yaya. In sun gama ƙirga sun rufe, ba ya iya barci, sai ya zauna a bencina yana jiran ruwa ya tafasa, aljihunsa na ƙarar marafai da ya manta bai zubar ba. Shekara bakwai ke nan yana wurin. Shi ke ba ni labarin bazawarar nan, cewa ɗanta ya shiga makaranta, da malamin da ya karye, cewa ya warke amma yana ɗingishi kuma ya koma zuwa. Ran nan ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce:

"Ƙanena, duka-duka nawa ka kashe kafin ka hura wuta?"

Na yage takarda daga bayan littafin bashi, na fara rubuta masa daga kuɗin kafinta.